Ƙarfen da Aka Auna da Inna Hure

Ranar da Nababa ya dawo daga Kano da sabon sifirin a ƙarƙashin a-kori-kurarsa, sai da ya zagaya Kwarin Gawo sau biyu kafin ya nufi gida, wai yana neman wani mutum zai ba shi saƙo. Babu mutum, babu saƙo. So yake a gani, aka kuwa gani. Motar da kowa ya saba ganinta tana jan ƙugu a ƙasa, yau ga ta ta ɗaga baya sama, gabanta ya sunkuya yana sunsunar hanya. Masu zaman gindin dalbejiya suka taso, kowa ya durƙusa ya leƙa.

Abin da suka leƙa ɗin ba wani abu ba ne illa fallayen ƙarfe da aka jera ɗaya a kan ɗaya, dogo a sama gajeru a ƙasa, aka ɗaure su a tsakiya. Su ne tsakanin bodin mota da tayoyinta na baya, su ke shanye nauyin kaya da dukan hanya. Na da, waɗanda motar ta zo da su tun Nababa bai yi gemu ba, falle shida-shida ne kowane gefe, kuma shekara talatin ta miƙar da su sun kwanta. Na yanzu goma-goma ne, masu kauri, an ciro su daga wata babbar mota da ta mutu, kanikawan birni suka yi musu dabara suka zauna.

"Buhu ashirin," in ji Nababa, yana dukan bodin da tafin hannu. "Ashirin cif, ko gezau ba za ta yi ba."

Tsofaffin kuwa ya watsar da su a ƙofar maƙerar Mika'ilu, yadda kowane direba yake yi, domin babu ƙarfen da ke yin fartanya da lauje kamar na sifirin. Mika'ilu taubashin uwarsa ne, Kawu yake ce masa, amma ran nan ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya ɗaga hannu ta taga ya ce ga ƙarfe nan a yi amfani da shi, ya taka totur ya wuce.

A yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Duk kakar nan babu kasuwar da bai ci ba, daga Kunci har Bagwai, gyaɗa ce, gero ne, wake ne, a loda mata har sai mai lodin ya ji tsoro, ita kuwa tana tsaye ƙyam. Aibinta ɗaya ne: in babu kaya, tsalle take yi. Ƙarfen da aka yi don buhu ashirin ba ya ko sanin an ɗora masa mutum. Wani mai awon gero ya hau bayanta daga bakin kwalta zuwa gari, ya ciji harshensa, sai da ya kwana uku kunu kawai yake sha. Da aka gaya wa Nababa sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai motar kaya ce, ba gadon amarya ba.

Ana nan, ran wata Litinin da la'asar, Inna Hure ta faɗi.

Inna Hure ita ta haifi Nababa, ta haura saba'in da kyau, kuma tana da ɗan rumbunta a bayan ɗaki wanda ba ta yarda kowa ya sa hannu a ciki ba. Ba ɗa ba, ba jika ba, ba suruka ba. In za ta ɗebi hatsi sai ta kifa turmi ta hau. An yi magana har an gaji. Ran nan turmin ya mirgine, ta zo ƙasa ta gefen hagu, ta yi yunƙurin tashi sau ɗaya ba ta sake ba.

Aka ɗauko maɗori daga ƙauyen gaba, mutumin da ya ɗora ƙasusuwan rabin yankin. Ya lalluba, ya lalluba, ya duba yadda ƙafar ta gajarce ta juya waje, sannan ya janye hannunsa ya goge a riga.

"Wannan karayar can cikin ƙugu take, inda hannuna ba ya kaiwa," in ji shi. "Ku kai ta asibitin ƙashi a birni. Kada ku wuce jibi. Tsohon da ya kwanta da irin wannan, in aka bar shi, kwanciyar ce ke tafiya da shi."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Daga Kwarin Gawo zuwa bakin kwalta kilomita tara ne, damina ta cinye hanyar ta bar ta ta bushe da ramuka da kunya-kunya, kuma rabin ramukan tayoyin Nababa ne suka haƙa su da buhunansa ashirin. Ƙaramar mota ba ta shigowa. Babur ba a ma maganarsa. Amalanken shanu ba shi da sifirin ko falle ɗaya. Majiya ƙarfin gari suka ce za su ɗauke ta a kan gado, su riƙa karɓa-karɓa har titi. Inna Hure ta ji wannan daga cikin ɗaki, da duk azabar da take sha ta ɗaga murya.

"Ban mutu ba za ku ɗora ni a kafaɗa ku ratsa gari da ni? Ku jira tukuna, ranar tana zuwa."

Saura a-kori-kura. Da safiyar Talata aka shimfiɗa katifa biyu a bayanta. Nababa da kansa ya ɗauki uwarsa ya kwantar, ƙanwarsa Zakiyya ta zauna a gefe ta riƙe mata ƙafa. Ya sa giya ta ɗaya, ya saki motar a hankali yadda ko mai tafiya a ƙasa zai wuce shi. Sun zo daidai kwanar masallaci, inda ruwa ya yi 'yar hanya, tayar baya ta faɗa ta fito.

Nababa bai taɓa jin ihun uwarsa ba. Matar da ta haifi tara, ungozoma ta ce ko tari ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Sautin da ya shigo masa ta tagar baya ran nan bai yi kama da na mutum ba, har ya rasa ƙafar da zai taka birki da ita. Zakiyya tana dukan rufin mota tana kuka tana cewa ya tsaya. Da ya zagayo, Inna Hure ta jiƙe sharkaf da gumi, leɓenta ya yi fari.

"Ku mayar da ni ɗakina," ta ce, da ƙyar ake ji. "In mutuwa ce ta same ni a kan gadona. Ba na sake hawa wannan abin."

Taku ɗari suka yi cikin kilomita tara. Aka kama gefen katifa ƙasa-ƙasa aka mayar da ita. Wani ya ce a loda wa motar buhuna ta yi laushi sannan a ɗora ta a sama, amma Nababa ya fi kowa sanin yadda lodi ke rangaji a hanyar nan, wanda ke samansa shi ya fi shan wuya. Ya tsaya yana kallon fallayen nan goma da ya zagaya gari yana nunawa, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Da hannunsa ya mai da motar abin da ba za ta iya ɗaukar uwarsa ba. Ya shiga ya nufi maƙera.

Mika'ilu yana zaune a kan buzunsa, ɗansa Iliyasu, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, yana zuga wuta. Tsohon ya doshi tamanin, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai abin da ba a rasa ba. Labari ya riga Nababa isowa. Wannan karon ya fito daga mota, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, ƙarafan nan da na kawo. Suna nan?"

"Ka je gonar Malam Munir, akwai biyu a can suna noma," in ji Mika'ilu. "Uku sun zama lauje. Sauran ka bi gari gida-gida, ka ce a ba ka fartanya za ka ɗaura wa mota."

 Tsohon ya bar Nababa a durƙushe na ɗan lokaci, don ya san darajar sallama, sannan ya ce wa Iliyasu ya shiga bayan ɗaki ya ɗauko. Iliyasu ya fito da falle huɗu, dogayen nan na sama, biyu na kowane gefe, tsatsa ta ci su amma babu inda aka taɓa.

"Sau biyu ina ɗora su a kan uwar maƙera zan sare, ina fasawa," in ji Mika'ilu. "Kun ce sun mutu. Gajiya suka yi. Je ka kwance na motarka gaba ɗaya, ka wargaza su, ka kawo min falle-falle."

Nababa da Iliyasu suka sa jak, suka tokare motar da kututturan gawo, suka shiga ƙarƙashi da sifana. Notunan sun kama, sai da aka jiƙa su da baƙin mai aka sa bututu a hannun sifana aka taka da ƙafa. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun zube falle ashirin a gaban tsohon, ga tsofaffin huɗu a gefe.

Daga nan Nababa ya fara ganin abin da bai taɓa tsayawa ya gani ba, shi da ya shekara arba'in yana wuce ƙofar maƙerar nan. Mika'ilu bai duba ƙarfen ba, ai ba shi da idon. Iliyasu ya rataye falle ɗaya da igiya, tsohon ya ƙwanƙwasa shi da ɗan guduma, ya kai kunne, sannan ya ɗora farcen babban yatsansa a jiki yana jin karkarwarsa har ta mutu. Ya ce a ajiye can. Aka rataye wani. A kunnen Nababa duk kukan ɗaya ne. Shi kuwa tsohon wani ya ce ya cika taurin kai, wani ya ce an taɓa ƙona shi, wani da ya buga sai ya ce akwai tsaga a ciki. Nababa ya juya fallen gaba da baya bai ga komai ba. Iliyasu ya goge tsatsar da yashi, sai ga tsagar kamar silin gashi kusa da ramin tsakiya. Da wannan ya yi ta yawo da buhu ashirin wata uku. Cikin fallaye ashirin ɗin, huɗu kawai Mika'ilu ya zaɓa, mafiya sirantaka.

"To," in ji shi. "Nauyinta nawa?"

"Motar, Kawu?"

"Uwarka."

 Nababa ya san nauyin buhun gyaɗa da na wake, ya san bambancin buhun Kunci da na Bagwai da ɗagawa ɗaya. Wannan bai sani ba.

"Kai ka ɗauke ta ɗazu, ko ba kai ba? Hannunka ya sani. Iliyasu, kawo buhun geron nan da kwano."

Aka jawo buhu cike. Mika'ilu ya ce ya rungume shi yadda ya rungumi uwarsa. Nababa ya ɗaga ya ce ya yi nauyi sosai. Iliyasu ya kwashe kwano goma. Ya sake ɗagawa, ya ce har yanzu. Aka kwashe biyar. Har yanzu. Buhun ya wuce rabi yana ƙasa, bakinsa ya lanƙwashe, Nababa yana ɗagawa yana ajiyewa yana cewa a rage. Da ya zo daidai, hannuwansa suka gaya masa kafin bakinsa. Ya tsaya rungume da abin da bai fi kwano goma sha biyar ba. Matar da ya tashi yana gani da tulu a ka, goyo a baya, damin itace a hannu, iyakar abin da ya rage kenan. Yaushe ta ƙare haka, yana ina? Hawaye ya zubo masa, bai samu hannun sharewa ba. Iliyasu ya juya yana gyara gawayi.

Mika'ilu ya karɓi buhun ya ɗan jinjina shi a cinyarsa. Ya tambayi nauyin Zakiyya, ya tambayi katifa, ya ce za a ƙara buhun yashi huɗu a daidai kan tayoyi don ƙarfen ya sami abin da zai tauna. Sannan ya sa aka share ƙasa, ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja tsinke a bakinta ya zana baka a ƙasa. Ya shafa zanen da tafin hannu, ya goge, ya ƙara wa igiyar taƙi ɗaya ya sake zanawa. Wannan lanƙwasar yake so tsofaffin fallayen su koma.

Nababa ya zaci wuta za a sa su. Mika'ilu ya ce wuta tana kashe sifirin, in ya sha ta ya zama ƙarfen ƙofa. Da sanyinsa za a yi. Iliyasu ya gitta falle a kan wasu ƙarafa biyu da rata a tsakani, tsohon ya ɗauki masaba. Hannun da ɗazu yake rawa saboda tsufa, da ya kama ƙotar masaba sai ya tsaya cak. Ya buga. Iliyasu ya matsar da fallen yatsa biyu. Ya buga. Yatsa biyu. Daga wannan kai zuwa wancan, ba ya maimaita wuri, ba ya ƙara ƙarfi ba ya ragewa, kowane bugu ƙanin na gabansa. Ido ba ya ganin abin da bugu ɗaya ya yi. Amma da aka kai ƙarshe aka ɗora fallen a kan zanen ƙasa, sai ga shi ya ɗan taso. Aka mayar, aka sake bi.

Mutane suka fara taruwa. Masu dawowa daga gona suka jingine kayan aikinsu, masu zaman dalbejiya suka taso da tabarmarsu. Tun ana hira har aka daina, babu abin da kake ji sai masaba. Aka yi azahar aka dawo, yana nan yana bugu. A zagaye na biyar fallen farko ya kwanta a kan zanen, bai bar ko inda tsinke zai shiga ba. Wani dattijo a baya ya ce, "Tabarakallah."  Ƙarfen da Nababa ya zubar a ƙofar maƙera ne wannan, ga shi ya miƙe a gabansa da siffar da ya zo da ita daga inda aka ƙera shi, a hannun mutumin da ko fuskar Nababa ba ya gani sosai.

Da huɗun suka gama, Mika'ilu ya sa aka goge dukkan fallayen da yashi da tsumma har suka yi santsi. Ya yanko kirgi siriri-siriri, ya shafe shi da kitse, ya shimfiɗa tsakanin falle da falle don su riƙa zamewa a kan juna ba tare da cizo ba. Huɗu-huɗu aka haɗa, tsofaffi biyu a sama, sababbi biyu a ƙasa. Nababa da Iliyasu suka koma ƙarƙashin mota suka ɗaura. Aka jera buhunan yashi, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da buhun geron nan a inda Inna Hure za ta kwanta. Nababa ya rage iskar tayoyi da kansa, wannan kam ya sani.

"Saura shaida," in ji Mika'ilu. Ya aika cikin gida aka kawo ƙwarya, ya cika ta da ruwa har baki, ya yi mata gurbi a kan buhun. "Je ka kwanar masallaci ka dawo. Iliyasu zai zauna a inda Zakiyya za ta zauna."

Ya je ya dawo, jama'a na biye da shi a ƙasa. Shi dai ya ji motar ta canja, kamar ba tasa ba. Amma tsohon ya miƙa hannu ya lalluba buhun, ya tarar da jiƙa.

"Ta zuba ta hagu. Na hagu ya fi ɗan'uwansa tauri. Ku kwance."

La'asar ta riga ta yi sanyi. Yatsun Nababa duk sun fashe, bayansa ya ƙage, ga kwana ɗaya kacal ya rage cikin wa'adin maɗori. Ya buɗe baki zai ce ai 'yar kaɗan ce ta zuba, sai ya tuna ta wane gefe uwarsa ta karye. Ya ɗauki sifana ya koma ƙasa. Suka kwance na hagun, suka wargaza. Mika'ilu ya bi fallayen da tafin hannu, ya tsaya a na uku, ya kifa shi. Bugu bakwai ya yi masa, Nababa ya ƙirga. Ya ce a mayar.

Aka sake cika ƙwarya. Wannan karon rabin gari ne ya bi motar. Tayar baya ta gangara cikin hanyar ruwan nan ta kwanar masallaci, kowa ya ga tayar ta nutse ta taso, bodin kuwa ya wuce a miƙe kamar ba a ƙarƙashinsa abin ya faru ba. Ruwan ya yi rawa, ya leƙa bakin ƙwarya, ya koma. Iliyasu ya ɗago ta da hannu biyu ya nuna wa mutane, buhun a bushe. Wurin ya ɗauki salati. Nababa ya fito ya je ya durƙusa a gaban tsohon ya kama hannunsa, hannun ya koma rawarsa ta ɗazu.

"Tashi," in ji Mika'ilu. "Ƙarfe mai sauƙi ne. Kai ni wurin mai taurin."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna Hure ya yi sallama, ya jingina da sandarsa. Tsakanin taubasai babu kunya, abin da ɗa ba zai iya faɗa ba shi zai faɗa.

"Hure, an ce rowa ta kayar da ke. Gero kwano nawa ne a rumbun da har za ki ba da ƙafa saboda shi?"

"Wa ya kawo min makahon nan?" Muryar ta fito a shaƙe, amma ta fito. "Ka zo ka ga ko na mutu ka gaji turmin?"

"Na zo in gaya miki na wuni ina yi miki aiki, ni da ko fartanya na daina yi wa mutane da hannuna. An auna ki da gero, an gyara ƙafafun motar daidai ke. Ba za ta ƙara ɗaukar buhu ashirin ba, ko goma ba za ta ɗauka ba. Ɗanki yana tsaye aka zubar da abin da yake taƙama da shi, bai ce uffan ba. Gobe da sassafe za ki hau. In kika ji zafi kafin kwanar masallaci, a sauke ki, ni kuma in rufe maƙera."

 Can ta ce, "Da gero kuka auna ni? Na wa?"

"Nawa. Naki wa ya isa ya taɓa?"

Aka ji wani abu kamar dariya, ya ƙare da nishi. Ba ta ce to ba, amma ba ta ce a'a ba, kuma duk wanda ya san Inna Hure ya san an gama.

Da gari ya waye ranar Laraba, kwananta biyu kenan ba ta runtsa ba, zafi ya hana. Nababa ya ɗauke ta ya kwantar a tsakanin buhunan yashi, Zakiyya ta zauna ta tallafe ƙafar. Ya yi bisimilla ya sa giya. Kunnensa gaba ɗaya yana baya. Suka zo kwanar masallaci, ya riƙe numfashi, taya ta faɗa ta fito. Bai ji komai ba. Suka fita gari, suka shiga tsakanin gonaki, karan dawa a tsaye dama da hagu. Kowane rami ya san shi, kowanne ya shiga da addu'a. Sau biyu ya ji nishi, sau ɗaya ya ji tana yi wa Zakiyya faɗa a kan ta danne mata zane. Wannan faɗan ya fi masa kowane albishir daɗi.

Awa ɗaya da rabi suka yi kafin tayoyin su hau kwalta. Daga nan ya daina jin komai, ba nishi, ba faɗa. Da farko ya gode wa Allah. Da tafiya ta miƙa, shirun ya fara damunsa. Buhunan yashi da jakar kaya sun tare tagar baya, ba ya ganin kowa. Ya tuna fuskarta jiya, ya tuna maganar maɗori. Ya ce a ransa in wani abu ya faru ai Zakiyya za ta buga rufi. Sai kuma ya ce, in ya riga ya faru, me za ta buga ta ce? Ya so ya tsaya ya duba, ƙafarsa ta ƙi zuwa birki. Muddin yana tafiya, uwarsa tana da rai. Haka ya ratsa garuruwa, ya shiga cunkoson Kano, sitiyari ya jiƙe a hannunsa.

Da ya hango ƙofar asibitin ya rage gudu ya raɓa gefe. Kafin ya kai hannu ga makulli, ya ji an ƙwanƙwasa rufi a hankali, da yatsa ɗaya. Zakiyya ta zuro kai ta gefen tagarsa, idanunta jajur, hawaye a kumatu. 

"Yaya, kada ka kashe," ta ce da raɗa. "Barci take yi. Tun bakin kwalta take barci, har da minshari. In motar ta tsaya za ta farka, ma'aikatan asibiti kuma ɗaga ta za su yi."

Nababa ya dubi ƙofar asibitin, ya dubi titin da ya miƙe a gabansa. Ya goge fuska da hannun riga, ya sa giya ta ɗaya, ya saki motar a hankali ya wuce ƙofar. Zai zagayo sau ɗaya tukuna.